Wutsiya Ba Ya Wuce Kowa

A rumfar katako aka yi cinikin, tsakanin tsoho mai rumfar da saurayi mai gyaran keke. Ba a ambaci ko sisi ba, kuma irin wannan cinikin shi ya fi tsada.

Baba Mai Katako ya kakkaɓe garin zarto daga hularsa, ya dubi wanda ke durƙushe gabansa.

"Tashi ka zauna, Wutsiya. Da durƙuso na samar da mace, da raƙumi ya fi kowa iyali."

Wutsiya ya ɗosana a bakin benci, yana ɓoye hannuwansa masu baƙin mai tsakanin gwiwoyi.

"Kana son Auta."

"Ina sonta, Baba."

"Ita ma ta ce kai. Na ji har na gaji da ji. Uwarta kuwa in aka ambace ka sai ta tsame hannu daga kwano. Ga Mai Tifa, shi ma nemanta yake, ya toshe mini ƙofar gida da mota, gwaggonta ta tsaya masa tsayin daka. Ni ina tsakiya kamar katako a bakin zarto."

Ya gyara zama.

"To ga abin da zan iya. Ka bar hanyar burjin nan. Gyaran keke sana'arka ce, ka yi ta yi. Amma hanyar da ta ci mini ɗa, kada tayarka ta sake taka ta, kai kaɗai ko cikin jama'a. In ka riƙe wannan har ruwa ya ɗauke, ni zan shawo kan uwarta, in ba ka 'yar. In ka taka, magana ta mutu, kuma kai ka kashe ta."

Wutsiya ya buɗe baki, ya rufe.

"Na ga leɓenka na motsi. Akwai wata magana?"

Akwai. Amma ba tasa ba ce, ba shi da ikon fitar da ita.

"Babu, Baba."

"To kawo hannu."

Suka tafa. Tsohon ya koma kan awon katakonsa da farin ciki, yana ganin ya sayi zaman lafiya da araha. Da ya ɗaga kai ya ga fuskar yaron sa'ad da yake fita, da ya sake lissafi.

* * *

Hanyar da ake magana tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce. An ɗebe dogon tun da daɗewa, aka bar tsakuwa shimfiɗe kan jar ƙasa, daga bayan gari har gindin duwatsu. Mota ba ta bin ta, saboda wata siririyar gada a tsakiya wadda ko amalanke sai an lallaɓa. Gonaki ne hagu da dama, sai ƙorama, sai itatuwa da suka haɗe kai a sama. In kana kanta ba ka jin komai sai tsakuwa ƙarƙashin taya da numfashinka.

Samarin gari suka mai da ita wurin hawan keke duk Asabar. Yayan Auta ke jan gaba, suka sa masa Goshi. Amininsa mai gyaran keke ke zuwa a ƙarshe da famfo da kayan faci da ruwan sha, suka sa masa Wutsiya. Dokar tafiyar guda ce, Goshi ne ma ya kafa ta da bakinsa: wutsiya ba ya wuce kowa. Ko taya ta fashe, ko ƙafar mutum ta riƙe, ko fitsari ya tsaya yi, wutsiya zai jira har ya tashi.

Ranar da abin ya faru, tayar Goshi ce ta yi faci a bakin gada. Akwai sababbin shiga a tafiyar, sun yi gaba ba su san gangaren da ke jiransu ba. Goshi ya kife kekensa ya ce, "Wuce ka kamo yaran nan kafin su zubar da haƙora. Ni za ka koya wa faci?"

"Doka fa?"

"Ni na yi ta, ni na ɗage ta. Wuce!"

Wutsiya ya wuce.

Da shirun ya yi yawa suka dawo. Suka tarar da Goshi kwance a gefen tsakuwa, robar cikin taya a hannunsa, idonsa buɗe. Keken na kife yadda ya bar shi, tayar baya na juyawa a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, alhali ko ganye ba ya motsi.

Likita ya ce zuciya ce. Ya ƙara da maganar da bai kamata a yi gaban uwa ba: da akwai wani kusa da shi, wataƙila.

Wannan wataƙilar Mama ta ɗauka ta ɗora wa Wutsiya a ka.

* * *

Ɗakin Goshi yana daf da ƙofar baya. Mama ta hana a taɓa komai. Keken na jingine da bango, hular kwano rataye a hannunsa, shuɗiyar rigar ruwan da yake sawa tana kan ƙusa. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, ba ta amsa wa kowa ba. Ta daina cin abinci, ta rame har zobe ya riƙa zame mata.

Wata Asabar da hantsi ta shiga da tsumma za ta goge keken, sai ta tsaya cak. Jar ƙasa ce ɗanya a jikin tayoyin. Ga zaren ciyawa maƙale a sarƙa. Ta taɓa rigar, ta ji ta da sanyin raɓa.

Ba ta yi ihu ba. Ta yi istigfari, ta goge keken tas, ta fito tsakar gida ta ce, "Auta, akwai sauran abinci?"

Tun daga nan haka ake yi duk Asabar. Baba kaɗai ta gaya wa.

"Ki ji tsoron Allah. Mamaci ba ya hawa keke."

"Na sani, Malam. Na fi ka sani. Amma zo ka taɓa tayar."

Bai je ba. Namijin da ya ce ba ya tsoron komai, a tambaye shi ɗakin da ba ya shiga a cikin gidansa.

A waje ma magana ta fara yawo. Manoma masu sammako suka ce suna ganin mai shuɗiyar riga yana ratsa hazon ƙorama, fuska a rufe, ba ya sallama, ba ya amsawa. Wasu suka canza hanyar gona.

* * *

Daga rumfar katako Wutsiya bai zame ko'ina ba sai kantin maganin da Auta ke aiki. Tana jera kwalabe, ta ga fuskarsa ta ajiye.

"Na yi ciniki da Baba."

"Me ka sayar?"

"Hanya."

Ta dafa teburin da hannu biyu.

Domin babu wata fatalwa. Auta ce. Yayanta ya koya mata keke tun tana ƙarama, a lungun bayan gida. Wata safiya kewarsa ta shaƙe ta, Mama ta sha maganin barci ta koma kwanciya bayan sallah, sai Auta ta sa rigarsa da hularsa, ta naɗe fuska da gyale, ta zare keken ta ƙofar baya. Ta je har gada ta yi kukanta ta dawo. Da ta ga Mama ta nemi abinci a ranar, ta gane ta shiga abin da ba za ta iya fita ba.

Wutsiya ya sani ne ranar da sarƙa ta tsinke mata ta kawo masa a ɓoye. Tun lokacin yake bin ta daga nesa, ba ya matsowa, ba ya magana, har sai ya ga shigarta lungu.

"Ki haƙura, Auta. Damina ɗaya ce."

"Ranar da Mama ta shiga ɗakin nan ta tarar da taya fes, ranar za ta binne shi karo na biyu. Kai ba ka ga wuyanta ba a lokacin. Ni na gani. Ni ke ɗaga ta in kai ta banɗaki."

"Ƙarya kike ciyar da ita."

"Ƙaryar ce ta sa ta cin abinci! Gaskiyar likita me ta ba ta?"

"To ki shafa wa tayar ƙasa a bayan gida. Wa zai gane?"

Ta yi wata irin dariya, hawaye na zuba.

"Kana tsammani ban gwada ba? Ta murza ta a yatsa ta ce wannan ba ƙasar hanyarsa ba ce. Ta yini tana kuka, wai ya yi fushi ya canza hanya. Uwa ce fa. Ƙurar ɗanta ma ta sani."

"Auta, ki dube ni. Shekara nawa ina jiran ranar da Baba zai ce mini kawo hannu? Mai Tifa na nan kamar ungulu a kan katanga. In na karya wannan, shi ke nan, ba ni da wata ƙofa."

"Ni ma ba ni da wata uwa."

"In kika fita, ke kaɗai za ki fita."

"Ai ka saba."

Maganar ta fito kafin ta kama ta. Ta toshe baki da hannu. Wutsiya ya yi baya kamar an watsa masa ruwan zafi, ya dubi ƙasa.

"Wallahi ba haka nake nufi ba. Ka yafe mini. Don Allah ka ce wani abu."

"Gaskiya kika faɗa."

"Ba gaskiya ba ce! Shi ya ce ka wuce. Kowa ya sani."

"Shi ya ce. Ni kuma na ji."

Suka tsaya, tebur a tsakaninsu, kowa na kukansa. Wata tsohuwa da ta daɗe a bakin ƙofa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku masu zaman makoki, in kun gama a ba ni maganin tari. Ko shi ma sai na yi kuka?"

* * *

Asabar ta farko Wutsiya ya riƙe alkawari. Ya buɗe shago tun duku-duku, ya ɗauki wata taya yana ɗaure wayoyinta, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Kunnensa na waje.

Rana ta ɗaga sosai kafin Auta ta biyo ta gaban shagon da kayan aikinta, tafin hannunta naɗe da bandeji. Ba ta shigo ba, ta tsaya daga bakin rumfa.

"Me ya same ki?"

"Tsakuwa ta kwashe ni a gangaren gada."

"Kin daɗe a ƙasa?"

"Ban sani ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina kwance keken ya kife a gefena, tayar na juyawa. Na saba in na waiga in hango ka. Na waiga, babu kowa. Amma wallahi na ji takun mutum a kan gadar, ya zo ya tsaya a bayana. Na kasa juyawa. Har na ji kamar an ce mini, tashi mana, raguwa. Haka yake ce mini in na faɗi."

Ta wuce aiki. Wutsiya ya zauna da sifana a hannu, bai san abin da zai kwance da ita ba.

Tsakiyar mako wata doguwar mota ta tsaya gaban shagon. Mai Tifa ne. Shi ke da manyan motocin da ke ɗibar dutse a bayan gari, mutum mai tumbi da turare, wanda bai taɓa neman abu ya rasa ba. Ya sauke gilashi, bai fito ba.

"Angon gobe! An ce an ɗaure ka da igiya a bakin shago. Gwaggo ta ba ni labari. Kai, na yaba maka. Ni da keke aka hana ni, ai da na mutu."

"Akwai abin da za a gyara?"

"Babu, hira ce. Ka ji labarin fatalwar gada? Na je da kaina na laɓe cikin gona na gani. Ikon Allah, fatalwa da ƙafar mata, har da takalmin masu kantin magani." Ya yi murmushi. "Direbobina ma sun ce suna so su gan ta kusa. Ka san yaran mota, ba sa jin magana. Ga hanyar ba kowa. Allah dai ya kiyaye."

Ya ɗaga gilashi ya ja mota.

Wutsiya ba yaro ba ne, ya san tarko in ya gan shi. Sai dai akwai tarkon da ko ka gan shi sai ka sa ƙafa.

* * *

Asabar ta biyu an kwana ana ruwa, gari ya waye da hazo mai kauri. Auta ta zare keken ta fita. Ba ta yi nisa ba ta ji wata tayar na taka tsakuwa can baya. Ta san sautin. Ba ta waiga ba, ta dai ji daɗi, sannan daɗin ya gushe, don ta san abin da sautin ya ci wa mai shi.

A daidai lokacin Mai Tifa na ƙofar gidansu da Gwaggo.

"Yaya, fito ka ga yadda ake riƙe maka alkawari," in ji Gwaggo.

Da ya tsaya a kan Baba kaɗai, da ya ci kasuwarsa. Amma mai haɗama ba ya barin romo. Ya ce a taso Mama ma, ta gani da idonta, a rufe maganar gaba ɗaya. Shi bai san abin da ake tararwa a ɗakin baya duk Asabar ba. Gwaggo ma ba ta sani ba.

Aka fito da Mama ta ƙofar gaba, magani bai sake ta ba, ko takalmi ba ta sa ba. Suka je inda burji ya haɗu da kwalta, aka kashe mota.

Mama ta leƙa ta taga. Tun rasuwar ɗanta ba ta taɓa zuwa nan ba.

"Malam, ina ne nan?"

Baba ya dubi hanyar. Sai yanzu ya tuna ranar da ake ciki: Asabar.

Hazon ya rufe hanyar kamar farin labule. Can suka ji shi. Ƙas, ƙas, ƙas. Sannan wani abu shuɗi ya fara fitowa a hankali, hular kwano a kai, fuska a rufe.

Kafin kowa ya ankara Mama ta buɗe ƙofa. Ta taka tsakuwa da ƙafa tsirara, hannuwanta a miƙe.

"Babana."

Haka take kiran ɗanta, don sunan mahaifinta ya ci.

Mai keken ya ja birki.

"Babana, na san kai ne. Ban gaya wa kowa ba sai babanka. Kullum ina goge maka shi. Ka tsaya in gan ka, ba zan taɓa ka ba in ba ka so."

Auta ta daskare a kan sirdi. Hazo na bayanta. Da za ta juya kan keken ta koma ciki, da Mama ta tafi gida da abin da za ta rayu a kansa har ƙarshen kwananta. Har ta fara karkata hannun keken.

"Ke Auta!" Mai Tifa ya daka tsawa daga jikin mota. "Cire hular nan, wasa ya ƙare!"

Hannuwan Mama suka tsaya a iska.

Auta ta kwance igiyar hular. Ta warware gyalen. Ta sauka, keken ya faɗi gefe.

"Mama, ni ce."

Mama ta matso. Ta shafa rigar daga kafaɗa har hannu, ta kai hancinta jikin wuyan rigar. Sannan ta zauna daɓas a kan tsakuwa. Ba ta yi kuka ba. Gara ma da ta yi.

Wutsiya na can baya cikin hazo, ya hango motar tun daga nesa, kuma babu wanda ya hango shi. Gona na gefensa, shuka ta fi tsayin mutum. Da ya tura keke ciki ya yi shiru, Mai Tifa ba shi da shaida. Ya san haka sarai. Ya taka feda ya ƙaraso, ya sauka a bayan Auta.

"Yauwa!" in ji Mai Tifa. "Baba, ga mutuminka."

Baba ya dube shi da jajayen idanu.

"Ka taka."

"Na taka, Baba."

"Magana ta mutu."

"Na sani."

Auta ta zube gaban mahaifinta. "Baba, saboda ni ne! Ni ce mai laifi, ni za ka hukunta!"

"Ni da shi muka tafa, ba da ke ba."

"Auta." Muryar Mama ce, a bushe. Kowa ya juya. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika nemi abinci, Mama."

"Wannan fa?" Ba ta dubi Wutsiya ba, da haɓa ta nuna shi.

"Yana bi na daga baya. Bai taɓa matsowa ba. Bai taɓa yi mini magana a hanya ba."

"Asabar da ta wuce na ga jini a hannun keken." Mama ta dubi keken da ke yashe. "Na ɗauka nasa ne. Na ce ko a can ma yana jin ciwo. Na goge shi da bakin zanina."

Auta ta buɗe tafin hannunta ta nuna mata.

"Na faɗi a gada. Ranar ni kaɗai ce."

"Yana ina?"

"Ya yi wa Baba alkawarin ba zai sake hawa hanyar ba. In ya riƙe, a ba shi ni."

Mama ta juya a hankali ta dubi mijinta. Sun shekara talatin da wani abu tare, bai taɓa ganin wannan kallon ba.

"Wancan karon ɗana ne ya ce masa ya wuce. Wannan karon kai ne, Malam."

"Ban sani ba. Wallahi ban san tana fita ba."

"Na ce ka zo ka taɓa tayar."

Baba ya sunkuyar da kai.

Mai Tifa ya ga magana na neman kauce masa, ya matso yana gyara riga. "Mama, ni don mutuncin gidan na yi. Ki duba fa, 'ya mace a daji da..."

"Kai ka ce a tashe ni?"

"Ni ne, Mama, don ki gani da..."

"Na gani. Ka tashe ni daga barci ka kawo ni jana'iza, ko takalmi ba ka bari na sa ba. Kada in ƙara ganin inuwarka a ƙofata."

"Haba, matar Yaya," in ji Gwaggo.

"Ke ma shiga motar ki bi shi."

Ta miƙa hannu, Auta ta ɗaga ta. Sai a lokacin ta dubi Wutsiya ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ya shigo gidanta da gawar ɗanta a hannu.

"Ban yafe maka ba. Ban san ko zan iya ba. Kada ka ce mini Mama, kada ka zauna inda nake zaune."

"To."

"Ni ban tafa da kowa ba. Ka turo manyanka."

Auta ta fashe da kuka ta rungume ta, Mama ta cire hannuwanta daga jikinta a hankali.

"Ke kuma ki cire rigar ɗana. Keken nan kuwa, wancan ya tafi da shi shagonsa. Kada ya sake kwana a gidana."

Ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa. Baba ya cire takalmansa ya bi ta da su a hannu, yana roƙo ta sa. Ba ta sa ba.

* * *

In aka zauna lissafi, Mai Tifa ya kafa tarko ya kama abin da ya nema, ya tashi da hannu wofi. Gwaggo ta rasa gidan da take zuwa shan inuwa. Baba Mai Katako, wanda ba a taɓa cuta a ciniki ba, ya gane ya sayar da abin da bai san nasa ba ne, wato tsaron Auta, kuma aka ba da 'yarsa yana tsaye ba a nemi bakinsa ba.

Wutsiya ya karya alkawari ya samu mata, tare da surukar da ba za ta amsa gaisuwarsa ba. Ya ce ya karɓa a haka. Auta ta samu wanda take so, amma ta daɗe tana kai wa uwarta abinci ana ce mata ajiye a nan.

Babbar asara ta Mama ce, ita da ta yanke hukuncin. Da la'asar ta yi wanka, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika maƙwabta cewa duk wanda ya taɓa yi mata gaisuwar ɗanta ba ta amsa ba, ya dawo yanzu. Labarin auren ya riga ya zaga unguwa, mata suka shigo ba su san wadda za su fara ba, barka ko ta'aziyya.

"Ku fara da ta'aziyyar," in ji ta. "Yau ya rasu."